Rotary da matasan Yamai: darasin ranar 1 ga Yuli

Matanin laccar da aka gabatar gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikata a unguwar Koira Kano, birnin Yamai.



Baƙon da ya fito daga Maraɗi ko Damagaram, in ya ji an ce Koira Kano, yakan zaci unguwar Kanawa ce. A'a. Sunan na Zabarmanci ne, ma'anarsa gari mai daɗi, kuma duk wanda ya bi titunanta da maraice, ya ga dogayen katangu da furanni da masu gadi zaune bakin ƙofa, ya san wanda ya raɗa sunan bai yi ƙarya ba. Daga irin wannan unguwa da ta Filato ne kulob-kulob na hidimar jama'a, wato Rotary da Lions da takwarorinsu, suka saba samun mutanensu: likitoci, lauyoyi, daraktoci, ma'aikatan banki da na ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa. Saboda haka babu wurin da ya fi nan dacewa a fito fili da tambayar da jama'a ke yi a bayan ido. Ƙungiyar da ta ce tana renon shuwagabannin gobe, tana kuma ƙulla fahimtar juna tsakanin ƙasashe, ƴaƴan wa take reno? Me kuma take koya musu wanda ba su samu a gida ko a lakwal ba?

Kafin amsa, sai a koma asali. Ranar 23 ga Fabrairu 1905, a birnin Shikago na Amurka, wani lauya mai suna Paul Harris ya zauna da abokansa uku: ɗaya mai sayar da kwal, ɗaya injiniyan haƙar ma'adinai, ɗaya tela. Shi Harris a ƙaramin gari ya tashi, inda kowa ya san uban kowa, sai ya tsinci kansa a babban birnin da ba a san wanda za a ba amana ba. Suka yi shawarar su riƙa haɗuwa, yau a biron wannan, wani mako a shagon wancan. Daga wannan zagaye ne sunan Rotary ya samo asali. Suka kuma yanke cewa kowace sana'a mutum guda za ta kawo, don kada kishin ƴan sana'a ɗaya ya ɓata zama. Aikin farko da suka yi wa birninsu, a 1907, shi ne gina ban-ɗakin jama'a. Wanda ya taɓa yin wuni guda a kasuwar Katako ba zai raina wannan aiki ba. Daga baya wasu ƙungiyoyi suka biyo sawu: Jeune Chambre ta samo tushe a Sen Luwi a 1915, Lions kuma a Shikago a 1917. Dukansu suna nan Yamai, amma za a tsaya kan Rotary, tun da ita ce babbar yaya.

Afirka ta karɓe ta a Johannasbag a 1921, sai Alƙahira a 1929, sai Dakar a 1939. A Najeriya kuwa Kano ce ta riga Legas, a 1961. Yamai ta samu nata kulob a cikin shekarun da suka biyo bayan samun ƴancin kai. Yau ƙungiyar tana da mambobi fiye da miliyan ɗaya a ƙasashe da yankuna sama da 200, babban ofishinta na garin Evanston kusa da Shikago.

Abin da talaka ya sani game da ita shi ne abin da talabijin ke nuna masa: mutane cikin manyan riguna da kwat, ƙaramar alama maƙale a ƙirji, suna miƙa buhunan shinkafa ga gidan marayu, ko teburan karatu ga wata lakwal, ko suna buɗe famfo. Wannan alheri ne, Allah ya saka. Amma fa a ƙasar da alhazai ke fitar da zakka, suna ciyar da unguwa a watan azumi, suna gina masallaci da rijiya ba tare da sun kira mai ɗaukar hoto ba, kyautar buhu goma ba za ta girgiza kowa ba. In da a nan aikin Rotary ya tsaya, da babu dalilin tara mutane a yi lacca a kanta.

Akwai dai aiki guda da ya wuce wannan ma'auni nesa, shi ne yaƙi da cutar shan inna. A 1985 Rotary ta ƙaddamar da shirin PolioPlus, a 1988 kuma ta haɗa gwiwa da hukumar lafiya ta duniya da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, da nufin kawar da cutar daga doron ƙasa. A lokacin yara kimanin 350.000 take nakasawa duk shekara a ƙasashe 125. Kuɗin da ƴan Rotary suka zuba tun daga nan sun haura miliyar 2 na dalar Amurka (a lura, ba dalar kasuwar Wadata ba, mai tamma biyar). A Fabrairun 2006 aka cire Nijar daga jerin ƙasashen da ƙwayar cutar ta yi wa zaman dirshan, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar ta asali. Ana ci gaba da bi gida-gida da ɗigon rigakafi, domin akwai wani nau'in da ke ɓulla inda yara da yawa ba su samu ɗigon ba.

A cikin wannan tarihi akwai shekarar da ya kamata ƴan kulob su riƙa tunawa. A 2003 ne ɗan Afirka na farko ya hau shugabancin Rotary ta duniya, wato Jonathan Majiyagbe, lauya mazaunin Kano, ɗan kulob ɗin Kano. A wannan shekarar ce kuma jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, saboda jita-jitar cewa an sa masa maganin hana haifuwa. Mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yaran Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau ba. Ga shugaban duniya a cikin gari, ga kuɗi, ga magani, amma iyaye sun rufe ƙofa. Cutar ta tsallako iyaka, ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a 2004 aka koma rigakafi, bayan an kawo maganin daga Indunusiya, lamarin bai kuma daidaita sosai ba sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba. Wato alheri ma, in ya fito daga gidan da jama'a ba su san cikinsa ba, yana iya kwana a waje.

To, mene ne abin da ke cikin gidan wanda ya cancanci a buɗe ƙofa dominsa? Ranar 1 ga Yuli ce. Shekarar Rotary daga wannan rana take farawa, kuma a ranar ne shugaban kulob ke sauka, gwamnan gunduma ya sauka, shugaban duniya ma ya sauka. Wa'adin shekara guda ne. An riga an zaɓi magaji tun da wuri, an tura shi horo, ya zauna kusa da mai barin gado yana kallon yadda ake yi. Ma'aji ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita. A cire sarƙar shugabanci daga wuyan wannan a rataya wa wancan, a tafa, a ci abinci. Mako mai zuwa tsohon shugaba ya dawo ya zauna cikin sahu, ya biya kuɗin ƙa'idarsa, ya ɗaga hannu in yana son magana, wanda yake ba umurni jiya shi ne zai ba shi izini yau. Babu wanda ya kai ƙara kotu, babu wanda ya ɓalle ya kafa sabon kulob da sunan gyara.

Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne. Sai ya buɗe littafin tarihin ƙasar nan. Jori Hamani ya riƙe mulki daga 1960 har sojoji suka ture shi a Afrilun 1974. Saini Kunce a kan kujera ya rasu, a Nuwamban 1987. Ali Shaibu, a faɗi gaskiya, ya yarda da babban taron ƙasa na 1991, ya kuma miƙa wa Mahaman Usman a 1993. Shi Mahaman Usman bai cika shekara uku ba aka kifar da shi a Janairun 1996. Ibrahim Ba'are Mainasara aka kashe shi a Afrilun 1999. Tanja Mamadu ya cika wa'adi biyu, ya nemi tazarce a 2009, aka ture shi a Fabrairun 2010. Sai a Afrilun 2021, shekara sittin da ɗoriya bayan ƴancin kai, aka ga zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba, lokacin da Mahamadu Isufu ya sauka Muhammad Bazum ya hau, a Yulin 2023 kuma sojoji suka sake karɓe mulki. Kowa a zauren nan yana da ra'ayinsa kan kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura, ba kuma a taru don a sasanta su ba. Abin lura shi ne cutar ba a fadar shugaban ƙasa kaɗai take ba. A duba ƙungiyoyin ƙwadago, da na wasanni, da na iyayen yara a lakwal, da ƙungiyoyin ƴan kasuwa su kansu. A duba jam'iyyun da aka kafa a farkon shekarun 1990, waɗanda da yawansu har aka rushe su a Maris 2025 wanda ya kafa su ne ke riƙe da su, ko kuwa sun dare gida biyu, gida uku, a kan kujera. Yaron da ya girma bai taɓa ganin babba ya sauka da fara'a ba, a ina zai koyi sauka? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Nan ne rassan matasa na Rotary suke da amfani. Akwai Interact, wanda aka fara a 1962 don ƴan shekara 12 zuwa 18, galibi a cikin kwaleji da lise. Akwai Rotaract, daga 1968, na ɗaliban jami'a da matasan ma'aikata, wanda da can iyakarsa shekara 30, kafin a ɗage iyakar a 2020. Akwai kuma zaman horo na ƴan kwanaki da ake kira RYLA, wanda ya faro a Ostareliya a 1959, ƙungiyar ta ɗauke shi a hukumance a 1971. Laccocin da ake yi a irin wannan zama kan halayen shugaba nagari ba su ne abin dogaro ba, ana samun irinsu ko'ina, har sun yi araha. Abin dogaro shi ne yarinya ƴar shekara ashirin da aka damƙa wa asusun kulob, ko da jika hamsin ne a ciki, aka ce duk tamma da ta fita sai da takarda, kuma a ƙarshen wata za ta tashi gaban tsararrakinta ta yi bayani. Shi ne saurayin da ya tsaya takara ya faɗi da ƙuri'a biyu, ya haɗiye, ya karɓi sakatare, ya rubuta rahoton taron wanda ya kayar da shi. Shi ne kwamitin da ya yi alkawarin yashe lambatun wata unguwa kafin damina, ya gano cewa shebur da baro kuɗi ne, izinin magajin gari kuma ba a samunsa rana ɗaya. Wanda ya sha wannan wahala yana ɗan shekara ashirin, in an ba shi ma'aikata yana ɗan arba'in, ba zai ɗauki mai binciken kuɗi abokin gaba ba.

Kada a ɗauka ƙasar nan ba ta taɓa samun makarantar shugabanci ta matasa ba. Samariya tana nan tun kafin zuwan Nasara, da sarkin samarinta da muƙarrabansa, da gayyar noma da ta gini. Kunce ya farfaɗo da ita bayan 1974, ta gina azuzuwa, ta dasa itatuwa, ta cika filaye a bukukuwan matasa na ƙasa, har yau akwai dattawan da idanunsu ke kawo ruwa in an ambace ta. Illarta ita ce ta zama hannun hukuma: daga sama ake kaɗa ganga, ƙasa a taka rawa. Da guguwar 1991 ta taso, sai aka rushe gidan da mai kyau da marar kyau a cikinsa. Ƙungiyar ɗalibai ta USN, wadda aka kafa a 1960, ita ma makaranta ce, mai tsada kuwa, domin ɗalibai uku ta rasa a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, jininsu kuma na cikin abin da ya buɗe ƙofar jam'iyyu da jaridu masu zaman kansu. Ta koya wa ƴaƴanta iya magana da rashin tsoro, ministoci da dama daga cikinta suka fito. Sai dai ta fi ƙwarewa wajen koyar da yadda ake neman haƙƙi daga hukuma, a kan yadda ake riƙe amanar jika goma. Su kuwa jam'iyyu, abin da akasari suka ba matasa shi ne riga mai hoton ɗan takara da kuɗin shayi.

Daga wannan zamani na rashin aiki da bashin albashi da karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ne fada ta yaɗu. Babu unguwar Yamai da ba ta da ita: tabarma ko benci a bakin titi, butar shayi kan gawayi, suna rubuce a jikin bango. Manya sukan wuce su yi tsaki. Amma fada da yawa suna da shugaba da ma'aji, suna karo-karo in ɗayansu zai yi aure ko ya kwanta asibiti, suna gadin unguwa da dare, suna fita sharar titi. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, wadda ƙidayar 1988 ta ba ta mutum miliyan 7 da ƴan kai, ta 2012 ta ba ta miliyan 17, yawancin shuwagabannin gobe a kan waɗannan bencina suke zaune yanzu haka.

Tsakanin fada da kulob kuwa akwai katanga, ta fi ta gidajen Koira Kano tsawo. Ana taro da Faransanci. Ana yinsa a otal, inda kuɗin lemo ɗaya ya isa abincin rana a Bukoki. Akwai kuɗin shiga da na wata-wata, wani kaso kuma da dalar Amurka ake lissafa shi. Ba a shiga sai wani na ciki ya gabatar da mutum, shi kuma na ciki wa ya sani in ba ɗan abokinsa ba? Haka nan, ba da mugun nufin kowa ba, sai a wayi gari ɗan darakta ne ke koyon shugabanci a hannun abokin ubansa, alhali ko babu kulob hanyarsa a share take. Tsakanin Koira Kano da Koira Tegi, wato gari mai daɗi da sabon gari, tafiyar ƴan mintoci ce a kan babur, amma yaron can zai iya tsufa bai taɓa jin sunan Rotaract ba. Ƙungiyar ta taɓa rushe irin wannan katanga: sai da kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1987 kafin a buɗe wa mata ƙofa a duniya baki ɗaya a 1989, ba a kuma samu mace a kujerar shugabancin duniya ba sai Jennifer Jones a 2022. Abin da ya yiwu a kan mata, bayan shekara tamanin ana cewa ba zai yiwu ba, zai yiwu a kan harshe da aljihu.

Akwai kuma waɗanda kuɗi ba ya hana su shiga, amma ba kasafai ake ganin su ba, su ne alhazan babbar kasuwa da na Maraɗi. Wannan abin mamaki ne ga ƙungiyar da tela da mai sayar da kwal suka kafa. Harshe na cikin dalili. Ɗaya dalilin, wanda ba a son faɗa a irin wannan zaure, shi ne zargin cewa Rotary reshe ce ta ƙungiyar asiri ta Faramaso. Zargin ba a Yamai aka ƙirƙire shi ba. A 1978 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta ambaci Rotary da Lions cikin hukuncinta a kan ƴan Faramaso. Fadar Paparoma ma a 1951 ta hana limaman cocinta shiga, kafin daga baya ta sassauta, gwamnatin Hitila kuma ta tilasta wa kulob-kulob na Jamus rufewa a 1937. Ita Rotary tana cewa ba ta da rantsuwa, ba ta da wani sirri, ba ta shiga addini ko siyasar kowa, kuma tana da kulob a Masar da Maroko da Turkiyya da Pakistan da Indunusiya. Fatawa ta malamai ce, ba a lacca ake ba da ita ba. Abin da ke hannun ƴan kulob shi ne abin da shekarar 2003 ta koyar: a buɗe ƙofa, a gayyaci limamin unguwa da mai unguwa su zauna su ga taro daga farko har ƙarshe, a kafe lissafin kuɗi inda kowa zai karanta. Wanda ya ga cikin tukunya ya ƙi ci, an san da hujja ya ƙi.

Saura batun fahimtar juna tsakanin ƙasashe, wanda Rotary ta sa cikin manufofinta a babban taronta na Edimbara a 1921. Tana da abin nunawa. Ƴaƴanta 49 sun kasance cikin tawagogin da suka tsara kundin Majalisar Ɗinkin Duniya a San Faransisko a 1945. Daga 1947 gidauniyarta ta fara ba ɗalibai burs su yi karatu a wata ƙasa, cikin waɗanda suka amfana har da wata ƴar Japan, Sadako Ogata, wadda ta tafi Amurka a 1951, ta zo ta shugabanci hukumar ƴan gudun hijira ta duniya daga 1991 zuwa 2000. Daga 2002 aka buɗe cibiyoyin nazarin zaman lafiya a wasu jami'o'i, ta farko a Afirka ita ce ta Makerere a Yuganda, wadda ta karɓi ɗalibanta na farko a 2021. Ɗan Nijar da ya ƙware kan sasanta manoma da makiyaya yana da abin da zai kai can, yana da abin da zai ɗebo. Akwai kuma musayar ɗalibai ƴan shekara 15 zuwa 19, inda yaro ke zama har shekara guda a gidan wasu mutane a wata ƙasa, ya ci abincinsu, ya shiga lakwal ɗinsu.

Sai dai musaya hannu biyu gare ta, a tura a kuma karɓa. Turawa sun daɗe da ɗauke ƙafar ƴaƴansu daga Sahel: ƴan sa-kai na Amurka, waɗanda ke Nijar tun 1962, sun tattara sun tafi a Janairun 2011, ofishin jakadancin Faransa a Yamai kuma ya rufe a Janairun 2024. Biza ta zama abin da ta zama. In fahimtar juna na nufin jirgin Pari kaɗai, to rabon ƴan ƙalilan ne, cikinsu ma wasu ba za su dawo ba.

Alhali ƴan kasuwar da ke zaune a nan sun gaji wata hanyar da ta girmi Paul Harris da ɗaruruwan shekaru. Fataken goro da suka bi hanyar Gwanja har Salaga ba su da fasfo, suna da mai masauki. Baƙo ya sauka a zango, mai gida ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso, gobe kuma ɗan mai gidan ya sauka a gidan baƙon. Zangon Kumasi da Sabo ta Ibadan da Nima ta Akara a kan wannan amana suka ginu. A cikin gida kuma ga wasan taubasai tsakanin Fulani da Barebari, ko Katsinawa da Gobirawa, wanda UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014. Musayar ɗalibai ta Rotary mai masauki ce da aka yi wa takarda da hatimi.

Saboda haka ƙasar waje ta farko da ya kamata ɗan Rotaract na Yamai ya sani ita ce wadda mota ke kai shi. Watannin da iyakar Najeriya ta yi a rufe, daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Maris 2024, sun nuna wa kowa abin da ke faruwa in gwamnatoci sun yi fushi: kaya sun ruɓe a mota, wuta ta ɗauke, dangi sun kasa zuwa jana'izar dangi. A irin wannan lokaci ne ake buƙatar mutanen da suka ci abinci a kwano ɗaya tun suna samari, waɗanda za su ɗaga waya ko da ministoci ba sa gaisawa. Ƴan Rotary na Faransa da Jamus sun kafa kwamitin haɗin gwiwa a 1950, shekara biyar kacal bayan yaƙin da ya ci miliyoyinsu. Tsakanin Yamai da Kano ba a yi yaƙi ba. A tsarin ƙungiyar, Nijar ta daɗe a gunduma ɗaya da ƙasashen gaɓar teku irin su Benin da Togo, Kano kuma tana wata gunduma, amma babu dokar da ta hana kulob biyu ƙulla zumunta. Ɗalibin jami'ar Abdu Mumuni da na jami'ar Bayero, ɗaya da Faransanci ya yi karatu ɗaya da Ingilishi, in sun haɗu ba sa neman tafinta. Tun da kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, kulob ɗin da ya yi taronsa da Hausa da Zabarmanci bai saɓa wa kowa ba.

Kayan aikin ma suna nan cikin dokokin ƙungiyar. Tun tsakiyar shekarun 1980 Rotary ta amince kulob ya ɗauki nauyin rukunin mutanen unguwa ko ƙauye waɗanda ba mambobinta ba ne, su zaɓi shuwagabanninsu, su tsara aikinsu, kulob ya tsaya musu da shawara da ɗan tallafi. Fada mai shugaba da ma'aji ta riga ta yi rabin tafiya. Abin da ya rage mata shi ne takardun rajista, bisa dokar ƙungiyoyi ta ranar 1 ga Maris 1984, da littafin kuɗi, da wa'adi. Ma'aikacin baitulmali ko na kotu da ke zaune a nan zai iya koya wa samari goma rubuta rahoton taro da riƙe littafin shiga da fita cikin Asabar huɗu. Alhajin da ke da yaran kanti ashirin ya san wanda ya fi amana a cikinsu, zai iya biya masa kuɗin ƙa'idar shekara, wanda bai kai abin da yake kashewa a sunan jika ɗaya ba, ya kuma aika wa abokin cinikinsa na Kantin Kwari cewa ga yaro nan tafe, a ba shi masauki na wata guda.

A ƙarshen Yuni da farkon Yuli ne kulob-kulob ke bikin miƙa ragama. An saba buga katin gayyata a kai wa jakadu da daraktoci. Bana a ƙara kati goma, a kai Koira Tegi da Talaje da Bukoki da Harobanda, a ba shuwagabannin fada hannu da hannu, da kuɗin taksi na zuwa da komawa. In sun zo kada a kai su teburin baya. A zaunar da su kusa da ma'aji, lokacin da zai buɗe littafi.